Bolt 12 Ba Ya Jan Mutum, Amma Yana Tayar da Gobara: Baƙin Salatif Bai Isa Rufe Haɗin Wayar Fitila Ba

Fitilun LED masu zuwa a naɗe kamar zare sun zama ruwan dare. Suna bayan masu ɗaukar bidiyon TikTok suna sauya launi, suna kewaye da madubin shagon aski, suna cikin lungun silin ɗin POP na ɗakin amarya, suna saman teburin mai cajin waya da mai POS. Yawancinsu da bolt 12 suke aiki, wato abin da ake gani an rubuta 12V a jikin adafta. Haka ma ƙananan ƙwayayen fitila da ake ja kai tsaye daga batirin sola a gidajen da suka gaji da jiran wutar NEPA.

Abin da ya sa matasa suka rungumi waɗannan fitilu a fili yake: ga araha, ga ƙarancin shan wuta, ga shi kuma ba sa jan mutum. Yaro zai iya riƙe tsirarar wayar bolt 12 da busasshen hannu bai ji komai ba. Daga nan ne aka samo wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin masu saye da masu sayarwa, har da wasu masu wayarin: tunda ba ta ja, haɗinta ba ya bukatar wata ƙa'ida. A feƙe bakin waya biyu, a murɗe su, a naɗa baƙin salatif, a tura cikin silin, shi ke nan.

Wannan fahimta kuskure ce, kuma ƙa'idojin wayarin na duniya sun yi daidai da suka ƙi amincewa da ita. Duk inda aka haɗa wayar fitila da wata, ko bolt 230 take ɗauke da shi ko bolt 12, wajibi ne haɗin ya ɗauru tamau, ya zama a lulluɓe, a cikin akwatin da aka yi domin haka, a wurin da za a iya buɗewa a duba. Matashin da ya biya kuɗin aiki yana da haƙƙin ya nemi hakan, ya kuma ƙi karɓar aikin da bai cika shi ba.

Abin da ke ja daban, abin da ke ƙonawa daban

Wutar lantarki tana da ma'auni uku da duk mai wayar hannu ya saba gani a jikin caja: bolt, amfiya da wat. Bolt shi ne ƙarfin turi, amfiya yawan wutar da ke gudana a cikin waya, wat kuwa aikin da ake samu idan aka ninka bolt da amfiya. Bolt ne ke tura wuta ta ratsa fatar mutum, shi ya sa 230 ke kisa, 12 kuwa ba a ko jin sa. Zafin da waya ke yi kuwa aikin amfiya ne.

Ga lissafin. Fitilar da ke cin wat 60 idan tana kan bolt 230, amfiya 0.26 kacal take ja. Idan wat 60 ɗin nan ne a kan bolt 12, amfiya 5 za ta ja, kusan ninki 19. Zafin da ake samu a wurin haɗi kuwa ba ninki 19 yake ƙaruwa ba, domin amfiya sau biyu yake shiga lissafin zafi, ana ninka shi da kansa. Sha tara sau sha tara ya haura 360. Ma'ana, sakwarkwataccen haɗin da zai yi shekaru a kan bolt 230 ba tare da ya yi ko ɗumi ba, idan aka ɗora masa wat iri ɗaya a kan bolt 12, zafin da zai fitar ya ninka sama da sau 360.

Zaren LED da aka fi sayarwa, mai lamba 5050 da ƙwayoyi 60 a kowace mita, an ƙiyasta yana cin wat 14.4 a mita ɗaya. Naɗi ɗaya mai mita 5 ya kama wat 72, wato amfiya 6 a kan bolt 12. Ƙaramin dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 bai kai amfiya 5 ba. Wato zaren fitilar kwalliya guda ɗaya ya fi dutsen guga jan amfiya, amma dubi irin wayar da ake sa wa dutsen guga, a kuma dubi siririyar wayar da ake ja wa zaren LED.

Wanda yake shakkar ƙarfin ƙaramin bolt ya tsaya wurin mai walda. Tartsatsin da ke narkar da ƙarfe yana ci ne a kan bolt ashirin da wani abu, amfiyar ce ke haura ɗari. Batirin mota ma bolt 12 ne, amma idan sifana ta faɗa tsakanin kawunansa biyu, nan take za ta yi ja.

Masu ƙera wayoyin hannu sun san da wannan. A tsarin cajin gaggawa na USB-C, duk igiyar cajin da za ta ɗauki fiye da amfiya 3 sai an sa mata wata 'yar ƙaramar na'ura a cikin kanta, wadda ke shaida wa caja cewa igiyar za ta iya ɗaukar amfiya 5. Idan caja ba ta samu wannan shaida ba, ba za ta saki wutar ba. Amfiya 5 ɗin da manyan kamfanonin duniya suka kafa wa wannan tsaro, ita ce ake bari tana bi ta cikin murɗaɗɗiyar waya da salatif a saman gadon mutane.

Yadda haɗi ke lalacewa ba tare da kowa ya sani ba

Haɗin da aka murɗe da hannu yakan yi aiki lafiya ranar farko, shi ya sa mai aiki ke karɓar kuɗinsa ya tafi da yabo. Matsalar a hankali take zuwa. Duk lokacin da aka kunna fitila jan ƙarfen ya ɗumama sai ya ɗan buɗa, idan aka kashe ya huce sai ya tsuke. Yau da gobe murɗin ya saki. Iska da laima su shiga tsakanin silayen wayar, fuskar jan ƙarfen ta dushe ta yi baƙi. Wannan baƙin yana hana wuta wucewa cikin sauƙi, sai wurin ya ƙara zafi, zafin kuma ya ƙara saurin dushewar. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa har robar wayar ta fara narkewa.

Wani zai ce ai akwai bireka da fis. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Bireka da fis suna yanke wuta ne idan amfiya ta wuce iyaka, kamar lokacin da waya biyu suka taɓa juna. Sakwarkwataccen haɗi ba ya ƙara amfiya, yana ma ɗan rage ta ne. Zai iya yin ja kamar garwashi alhali fis na ganin komai daidai. Birekar gida kuwa ta fi nisa da labarin: wat 72 ɗin da zaren LED ke ci, a ɓangaren bolt 230 kusan amfiya 0.3 ne kawai, abin da birekar amfiya 10 ba za ta ko kula da shi ba. Ita ma na'urar da ke yanke wuta idan ta ja mutum ba ta ganin abin da ke faruwa bayan adafta, saboda adaftar ta raba ɓangarorin biyu.

Tunda na'urorin kariya da aka saba sa wa a gida ba sa gano irin wannan lalacewa, kariya biyu ce ta rage. Ta farko, haɗin ya ɗauru yadda ba zai saki ba. Ta biyu, idan ma ya saki, zafi da tartsatsin su tsaya a cikin wani abu da ba ya ɗaukar wuta da sauƙi. Amfanin akwati ke nan.

Abin da ƙa'idojin suka tanada

Kundin ƙa'idojin wayarin da ya fi tasiri a kan masu aikin lantarki a Najeriya shi ne na Birtaniya, mai suna BS 7671. Dangantakar a bayyane take, domin har soket mai ƙafa uku masu kusurwa da ake amfani da ita a Kano da Kaduna tsarin Birtaniya ce. An fara fitar da kundin a shekarar 1882, kuma tun daga sunansa na farko an bayyana manufarsa: hana gobarar da hasken lantarki ke jawowa. Tsoron gobara ne ya haifi ƙa'idar. Bugu na 18 da aka fitar a 2018 yana kan wannan turba.

Akwai wani abu a cikinsa da zai ba mutane mamaki. A harshen kundin, wutar gida mai bolt 230 ita ce ake kira ƙaramin bolt, domin ajin ya kai har bolt 1,000 a wutar AC. Abin da 'yan kasuwa ke kira ƙaramin bolt, irin 12 da 24, yana cikin wani aji na ƙasa da wannan, wanda bai wuce bolt 50 a AC ko 120 a DC ba. Saboda haka idan aka ga an rubuta cewa kaya na ƙaramin bolt ne, a nemi lambar da kanta.

Ƙa'ida mai lamba 526.5 ta tanadi cewa duk ƙarshen waya da duk haɗi a wayar da ke ɗauke da wuta, dole a yi shi a cikin ɗaya daga abu uku: kayan haɗi da ya cika ma'aunin ƙira, ko jikin na'urar da ita ma ta cika ma'auni, ko wani gurbi da aka kewaye da kayan gini da aka gwada aka tabbatar ba ya cin wuta. Ba ta ware bolt 12 ba. Ƙa'idojin da ke maƙwabtaka da ita sun ƙara da cewa haɗi ya kasance inda za a iya kai hannu a duba a gyara, sai dai irin na musamman da aka ƙera don a rufe su har abada. Kada nauyin waya ko ja ya faɗa a kan haɗin. Kuma inda aka feƙe rigar waje ta kebul, silayen da suka fito su ma su kasance cikin akwatin.

Akwai kuma sashe na 715, wanda aka keɓe wa fitilun bolt 12 da danginsu. Ya nemi kaurin wayar jan ƙarfe ya kai murabba'in milimita 1.5, sai dai waya mai laushi da ba ta wuce mita 3 ba, wadda aka yarda ta zama milimita 1. Ya kuma ce raguwar bolt daga taransifoma zuwa fitila mafi nisa kada ta wuce kashi 5 cikin 100. A kan bolt 12, wannan bolt 0.6 ne kawai. Idan waya mai milimita 1.5 tana ɗauke da amfiya 6, tafiyar kimanin mita 4 ta isa ta cinye wannan kaso. Shi ya sa ake ganin zaren LED yana haske sosai a farko, ƙarshensa kuma ya dushe. Hasken da ya ɓace zafi ya koma a cikin waya.

Wannan sashe ba ƙirƙirar Birtaniya kaɗai ba ce. Ya samo asali ne daga ma'aunin duniya na IEC 60364, wanda shi ma kundin Faransa mai suna NF C 15-100 ya ginu a kansa. A Najeriya, hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da lantarki da wayarin da ake kira NESIS a 2015, kuma a shekarar ce aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, mai duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ƙa'ida dai akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tambayar ko an bi ta.

Salatif yana lulluɓewa, ba ya ɗaurewa, ba ya tsarewa

Baƙin salatif kayan aiki ne mai amfani, amma aiki ɗaya yake yi daga cikin uku da haɗi ke bukata. Yana hana tsirarar waya taɓa wani abu. Ba ya matse silayen jan ƙarfe su zauna daram, kuma ba ya tare wuta idan ta tashi, domin shi kansa roba ne mai laushi da gam a bayansa.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara gajarta ransa. A watan Afrilu zafin Kano, Sakkwato da Maraɗi kan haura digiri 40 a inuwa, tsakanin kwano da silin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Robar PVC da ke jikin wayar gida an yi ta ne don jure digiri 70 a jikin jan ƙarfe, saboda haka tazarar da ta rage kafin a kai iyaka ba ta da yawa. A irin wannan zafi gam ɗin salatif, musamman mai araha, yakan yi laushi, bakin ya ɗago, naɗin ya warware. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon salatif yana reto a jikin waya yana danƙo ya ga ƙarshen labarin. Sannan ga ƙurar hunturu da ke taruwa a kan haɗi, ga laimar damina, ga ɓeraye masu gwaguyar roba.

Wasu na cewa ai POP ba ya cin wuta. Gaskiya ne farar ƙasar ba ta ci. Amma abin da ke samanta yana ci: katakon rufi da ya bushe ƙayau, zaren da ake ɗaure POP da shi, tarkacen buhu da kwali da leda da magina suka bari. Inda kuma aka yi silin na roba ko na falanki, babu ma wannan 'yar kariyar.

Kwanekta, ko mai noti ko mai ɗan hannun da ake dannawa irin Wago 221, tana magance matsalar ɗauri. Wago 221 ta asali tana ɗaukar har amfiya 32. Amma ita ma ba a barin ta tana lilo a cikin silin, sai an sa ta cikin akwati mai murfi, an kuma danne kebul ɗin a bakin akwatin yadda ko an ja shi haɗin ba zai motsa ba. Haɗin da aka like da dalma aka sa masa robar da ke tsukewa da zafi ya fi murɗi nesa, amma shi ma akwati yake bukata.

Hujjojin masu sassauci

Masu ganin an cika tsanani suna da hujjoji uku, kuma ya kamata a saurare su.

Ta farko ita ce kuɗi. Talaka ya sayi zaren fitila da ƙyar, a ce kuma sai ya sayi akwati da kwanekta da fis. Amsar tana cikin kasuwa: waɗannan ƙananan kaya ba su kai kuɗin zaren da adaftarsa ba, balle kuɗin wayar hannun da ake caji a ɗakin, ko katifa, ko kayan shago. Matashin da ya sayi sabuwar waya ba ya fita daga kasuwa sai ya sa mata gilashin kariya da riga, kuma ba wanda ke ce masa ya yi almubazzaranci. Tunani ɗaya ne.

Ta biyu ita ce, an daɗe ana yi ba a ga komai ba. Lallai yawancin haɗin salatif ba sa tayar da gobara, musamman inda fitilar ƙarama ce mai wat biyu ko uku. Amma mai ɗaki ba shi da hanyar sanin wane haɗi ne zai zama na banza a cikin goma da ke samansa, tunda duk a ɓoye suke. Kuma kaya ƙaruwa suke yi. Wayar da aka ja don ƙwai ɗaya, bayan wata shida an ɗora mata zare biyu da fankar DC. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Ta uku ta fi ƙarfi. A Amurka, kundin wayarin nasu ya sassauta wa wani rukunin ƙananan wayoyi da ake kira aji na biyu wasu sharuɗɗan da ke kan wayar gida. Shi ya sa ake ganin bidiyoyin YouTube daga can ana haɗa zaren LED cikin sauƙi. Sai dai sassaucin yana da sharaɗi: tushen wutar dole ya zama wanda aka ƙera aka kuma gwada cewa ba zai iya fitar da fiye da kimanin wat 100 ba, ko me ya faru. Adaftar da ba ta da sunan kamfani ba ta ba da wannan tabbaci. Babbar na'urar bolt 12 mai jikin ƙarfe da ke ba da amfiya 20 ko 30 ta wuce wannan aji. Batiri kuwa ba shi da wata iyaka ko kaɗan. Wanda ya kwaikwayi sassaucin ya bar sharaɗin, ya ɗauki rabin magana.

Shi kansa kundin Birtaniya ya yarda a yi amfani da tsirarar waya a wasu fitilun ado idan bolt bai wuce 25 a AC ko 60 a DC ba. Amma ya gindaya cewa wayar ta yi kauri har milimita 4, kada ta kwanta a kan abin da ke cin wuta, a kuma tsara ta yadda da wuya waya biyun su haɗu. Ko a inda ya sassauta kan taɓawa, bai sassauta kan gobara ba.

Batirin sola shi ne babban abin tsoro

Adafta mai kyau takan kashe kanta idan waya biyu suka haɗu. Batiri ba ya yin haka. Batirin sola ko na mota zai iya sakin ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, siririyar waya ta zama kamar zaren hita tun daga kan batirin har zuwa inda aka samu matsalar, robarta na ci da wuta a duk tsawon hanyar. Wutar DC kuma tana da wata ɗabi'a. Wutar NEPA tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, abin da ke taimaka wa tartsatsi ya mutu. DC ba ta sauka, saboda haka tartsatsinta ya fi naci, musamman a tsarin bolt 24 da 48 da ake ƙara amfani da su a manyan inbata.

Don haka duk wayar da ta fito daga kan batiri tana bukatar fis a kusa da batirin sosai, wanda aka zaɓa daidai da kaurin wayar. Fis ɗin da aka sa a can kusa da fitila ya bar duk tsawon wayar babu kariya. Kama kan batiri da maƙalli irin na cajin mota a bar shi haka wata da watanni, ko naɗa tsirarar waya a kan sandar batiri, duk haɗi ne da ba ya cikin ƙa'ida.

Sai matsalar wayar jabu. Akwai wayoyi a kasuwa da cikinsu alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyon yana wuce da kimanin kashi 60 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai wuce da ita, yana saurin karyewa, yana kuma saki a ƙarƙashin noti. Gane shi ba wuya: a kankare sili ɗaya da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki, ba jan ƙarfe zalla ba ne.

Abin da ya kamata mai saye ya nema

Ba sai mutum ya zama injiniya zai kare ɗakinsa ba. Kafin mai aiki ya rufe silin, mai ɗaki ya ce a nuna masa kowane haɗi, ya ɗauki hotonsa da wayarsa. Hoton zai nuna ko akwai akwati da murfi, zai kuma yi amfani ranar da aka zo neman inda matsala take. Ya tambayi wat nawa fitilun ke ci gaba ɗaya, a raba da 12 a ga amfiyar, a kwatanta da abin da aka rubuta a jikin adafta. Adaftar da za ta yi aiki a ƙurewar ƙarfinta kullum ba za ta daɗe ba, gara a bar mata sarari. Kada a binne ta cikin tarkace ko a bayan labule, tana bukatar iska da hanyar da za a kai gare ta. Ɓangarenta na bolt 230 kuwa wutar kisa ce, aikin ƙwararren mai wayarin ne.

Idan zaren zai yi tsawo, na bolt 24 ya fi. Wat iri ɗaya, rabin amfiya, kashi ɗaya cikin huɗu na zafin haɗi. Idan fitilar ta waje ce, a tsakar gida ko gaban shago, a duba lambar IP, irin wadda masu wayar hannu suka sani a IP68. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP20 na cikin ɗaki ne kawai, IP65 kuwa yana hana ƙura shiga yana kuma jure feshin ruwa. Zare mai IP65 da aka haɗa da salatif a ƙarƙashin ruwan sama ya rasa amfanin lambar tasa.

Alamomin haɗari ma ba ɓoyayyu ba ne: fitila mai ƙyaftawa idan an taɓa waya, ƙaurin roba, salatif da ya yi laushi ko ya canza launi, haɗin da ya yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kansa ba bayan rabin awa da kunnawa. Ko ɗaya aka gani, a kashe daga tushe a kira mai gyara.

Masu sayar da kayan wuta su ma suna da rabonsu. Wanda ya sayar da zaren LED da adafta ba tare da kwanekta da akwati ba, rabin kaya ya sayar. Masu koyar da sana'ar sola da wayarin, a makarantu da wurin ubangida, ya kamata su sa lissafin amfiya a darasin farko, domin yaron da ya san zare ɗaya na jan amfiya 6 ba zai murɗe shi da hannu ya tafi ba. Hukumomi ba za su iya hawa kowane silin ba. Amma ranar da masu saye suka fara riƙe cikon kuɗi har sai sun ga akwati da murfinsa, masu aiki za su fara zuwa da shi a cikin jakar kayan aikinsu.